Tsoron Iyaye da Tsoron 'Ya'ya

Abin karantawa: Littafin Lissafi (wato Ƙidaya) 13:25 zuwa 14:35, da 2 Labarbaru (wato 2 Tarihi) 20:1-13.
Aya ta haddacewa: Misalai 14:26.

Gabatarwa

Yaro mai koyon tafiya ya yi tuntuɓe a tsakar gida, ya faɗi. Duk wadda ta taɓa yin reno ta san abin da ke biyo baya. Kafin ya yi kuka ya kan ɗaga kai ya dubi uwarsa tukuna. Idan ta zabura ta dafe ƙirji ta yi ihu, sai ya ɓarke da kuka, ko da bai ƙuje ba. Idan kuwa ta ce masa, "Tashi, ɗana, ba kome," ya kan miƙe ya ci gaba da wasansa. Faɗuwar ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne fuskar uwa, gama a can yaron ya nemi sanin ko abin da ya same shi babba ne ko ƙarami.

A cikin wannan darasi za mu bincika yadda tsoro ke shiga zuciyar ƙaramin yaro ta wurin iyayensa, da abin da Maganar Allah ke koya mana a kan wannan. Ba mu yi nufin ɗora wa kowa laifi ba. Da yawa cikinmu sun ga abubuwan bantsoro da idonsu, waɗansu ma sun gudu daga gidajensu da dare da goyo a baya. Amma tun da Allah ya danƙa mana amanar 'ya'ya, ya kamata mu san abin da muke zubawa a cikinsu.

1. Daren kuka a Kadesh

Musa ya aiki mutum goma sha biyu su leƙo ƙasar Kan'ana. Suka yi kwana arba'in, suka komo da inabi da rumman da ɓaure. Dukansu sun ga ƙasa ɗaya, da birane masu ganuwa, da ƙattin mutane. Goma suka ce ba shi yiwuwa, har suka kwatanta kansu da fara. Biyu, wato Joshuwa da Kaleb, suka ce a tashi a hau, gama Ubangiji yana tare da su. Jama'a ba su ga kome da idonsu ba, sai 'ya'yan itace masu kyau. Abin da suka gani shi ne fuskokin mutum goma, abin da suka ji shi ne muryoyinsu. Wannan kaɗai ya isa ya sa dukan zango ya kwana yana kuka.

Mu lura da dalilin da suka kawo a 14:3. Sun ce matansu da ƙananansu za su zama ganima. Wato sun fake da 'ya'yansu. A ganinsu ƙauna ce ta sa suka ƙi shiga. Amma Ubangiji ya juyar da maganar a 14:31-33. Ƙananan nan da aka ce za a kwashe, su ne za su gāji ƙasar. Iyaye kuwa, daga mai shekara ashirin zuwa sama, za su ƙare a jeji. 'Ya'yan kuma za su yi shekara arba'in suna yawo da dabbobi a hamada saboda rashin bangaskiyar iyayensu. Tsoron da aka ce domin yara aka yi shi, yara ne suka biya kuɗinsa.

Littafi bai faɗa mana abin da yara suka ji a daren nan ba, amma ba shi da wuyar ganewa. Alfarwa ba ta ɓoye kuka. Yaron da ya farka ya ji ubansa yana kuka, ya ji ana maganar komawa Masar, me zai ɗauka game da Allahn da ya raba teku? Bayan shekara arba'in Rahab ta shaida wa 'yan leƙen asiri cewa zukatan mutanen ƙasar sun narke tun da suka ji labarin tekun nan (Joshuwa 2:9-11). Ashe waɗanda ake jin tsoro su ma tsoro suke ji.

Shari'ar Musa ta san tsoro yana yaɗuwa kamar ƙyanda. A Kubawar Shari'a 20:8 an umarta a sallami matsoraci daga fagen yaƙi, kada ya karya zuciyar 'yan'uwansa. Sa'an da Gidiyon ya yi wannan shela, mutum 22,000 suka koma gida, 10,000 suka rage (Alƙalawa 7:3). Idan tsoro yana ratsa mayaƙa haka, ina ga jaririn da ke manne a bayan uwarsa, yana jin bugun zuciyarta da kowace zabura tata?

2. Abin da masana suka gano

Ba duk tsoro ne ake koyo ba. Jariri ya kan firgita da ƙara mai ƙarfi tun ranar haihuwarsa. Wajen wata bakwai zuwa tara ya kan fara ƙyuya, ya ƙi baƙo. Tsakanin shekara biyu da shida yara da yawa su kan ji tsoron duhu da dabbobi da abin da suka zana a ransu. Waɗannan matakai ne na girma, yawanci kuma su kan wuce. Amma ko za su wuce da sauri, ko za su kafu su yi saiwa, iyaye suna da hannu a ciki ƙwarai.

A shekarar 1977 wani masanin halin ɗan Adam mai suna Stanley Rachman ya bayyana hanyoyi uku da tsoro ke shiga mutum. Ta fari, abin ya same shi da kansa. Hausawa sun riga sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ta biyu, ya ga wani yana jin tsoro. Ta uku, a faɗa masa cewa abin mugu ne. Biyu daga cikin ukun nan, wato gani da ji, a hannun mutanen gida suke.

A shekarar 1985 James Sorce da abokan aikinsa a Amurka suka buga labarin wani gwaji. Sun ɗora yara 'yan wata goma sha biyu a kan wani teburi mai rufin gilashi mai kauri. Daga tsakiya, ƙarƙashin gilashin, sai a ga kamar akwai gangare mai zurfin kusan ƙafa ɗaya, ko da yake ba hatsari ko kaɗan. Uwa tana tsaye a ƙetare, da abin wasa a gabanta. Yaro ya kan rarrafo har bakin gangaren, ya tsaya, ya dubi uwarsa. Cikin yara 19 da uwayensu suka yi musu fara'a, 14 suka ƙetare. Cikin 17 da uwayensu suka nuna fuskar tsoro, ko ɗaya bai ƙetare ba. Uwayen ba su ce uffan ba, fuska kaɗai ta yi aikin. Aka kuma lura da cewa idan an kawar da gangaren, yawancin yara ba su damu da duban uwa ba. Wato a lokacin shakka ne yaro ya fi karanta fuskarmu.

Susan Mineka da abokan aikinta suka ga irin wannan ga birai a shekarar 1984. Biran da aka haifa a ɗakin bincike ba su tsoron maciji. Amma da suka kalli iyayensu, waɗanda aka kamo daga daji, suna firgita da shi, sai suka kamu da tsoro mai tsanani cikin ɗan lokaci, bayan wata uku kuma yana nan bai gushe ba. A shekarar 2002 aka gwada yara 30 a Ostareliya, 'yan wata 15 zuwa 20, da macijin roba da gizo-gizon roba. Abin da uwa ta yamutsa wa fuska, shi yaro ya guje wa.

Akwai kuma shaida daga lokacin yaƙi. Sa'an da jiragen Jamus suke jefa bama-bamai a birnin Landan, Anna Freud da Dorothy Burlingham suka buɗe gidajen renon yara a shekarar 1941. Suka rubuta cewa ƙananan yara da uwayensu suka natsu ba su cika razana da bam ba, amma 'ya'yan uwaye masu firgita su kan ɗauki firgitar. Suka kuma ga rabuwa da uwa ta fi bam tayar wa ƙaramin yaro hankali.

Duk da haka kada mu zarce. Yara ba ɗaya ba ne. Waɗansu tun daga ciki an halicce su da saurin firgita, ko da iyayensu jarumai ne. Uwa ɗaya ta kan haifi mai kama kunama da mai gudun kaza. Saboda haka idan ɗanki matsoraci ne, ba lalle ne laifinki ba ne. Sai dai irin wannan yaro ya fi kowa bukatar natsuwarki.

3. Abin da muke yi a gidajenmu

Bari mu dubi kanmu. Yaro yana kuka da dare, an gaji, sai a ce, "Yi shiru, ga dodo nan zuwa." Ya ƙi cin tuwo, sai a ce za a kira ɗan sanda ya tafi da shi. Ya yi ƙiriniya, sai a ce za a kai shi wurin likita a yi masa allura. Dabarar tana aiki nan take, shi ya sa ba ta mutu ba. Amma mu dubi ribarta. Yaron da aka tsorata da dodo, shi ne zai ƙi fita fitsari da dare, ya jiƙa tabarma, a kuma doke shi. Wanda aka tsorata da allura, ranar rigakafi sai mutum uku sun danne shi, ranar da zazzaɓi ya kama shi kuma ya kan ɓoye ciwonsa. Wanda aka tsorata da ɗan sanda, in ya ɓata a kasuwa zai guji wanda ya kamata ya nufa. Bayan wannan duka, wata rana zai gane ba dodo. Daga ran nan maganar iyayensa ta ragu a idonsa, har da maganar da suke yi masa a kan Allah.

Akwai kuma hirar manya. Ana zaune bayan tuwon dare, ana labarin mayu, da wanda aka sace a hanya, da garin da aka kai wa hari, ana faɗi dalla-dalla. Yanzu ma har a miƙa waya hannu zuwa hannu ana kallon hotunan gawa. An ɗauka yaran suna barci, ko kuwa ba su da wayo. Suna ji. Ƙaramin yaro bai san nisa ba, bai kuma san bara da bana ba. Abin da ya faru a wata jiha shekara uku da suka wuce, a wurinsa yana bayan zana a daren nan.

Mafi nauyi duka shi ne a mai da Allah dodo. A kan ce wa ɗan shekara huɗu Allah zai ƙone shi domin ya zubar da kunu. Mu da muke aikin juya Littafi mun sha fama da wannan kalma, tsoro, gama tana ɗauke da kaya biyu. Akwai tsoron Ubangiji, wato girmamawa da ke jawo mutum kusa ya yi biyayya. Akwai kuma razana da ke korar mutum ya ɓuya, kamar yadda Adamu ya ɓuya a gona. A 2 Timothawus 1:7, inda Bulus ya ce ba irin wannan ruhu Allah ya ba mu ba, kalmar Helenanci ita ce ta ragonci, wato karyewar zuciya. Daga tushenta ne Yesu ya ɗauko kalmar da ya tsauta wa almajirai da ita a cikin jirgi (Markus 4:40). Ayarmu ta haddacewa kuwa tana maganar tsoro na fari. Ta nuna mai tsoron Ubangiji yana da abin dogara mai ƙarfi, 'ya'yansa kuma suna samun wurin fakewa. Uban da ya ji tsoron Allah yadda ya kamata, sauran tsoro su kan ragu a gidansa.

4. Taron Yehoshafat

Wani zai ce, "To, sai mu yi ƙarya ke nan, mu yi ta murmushi alhali cikinmu ya ɗuri ruwa?" A'a. Yara su kan gane murmushin ƙarya. Dubi karatunmu na biyu. Aka kawo wa sarki Yehoshafat labari cewa Mowabawa da Ammonawa sun taho da babbar runduna, har sun iso En-gedi. Littafi bai ɓoye ba, ya ce sarki ya ji tsoro. Amma sai ya sa a yi azumi, ya tara Yahuza a Haikali, ya tsaya ya yi addu'a a gaban kowa. Ya tuna wa jama'a abin da Allah ya yi a dā. Ya yarda a fili cewa ba su da ƙarfi, ba su kuma san abin yi ba, sai dai sun zuba wa Allah ido. Aya ta 13 ta ce jama'a suna tsaye a wurin tare da matansu da 'ya'yansu, har da ƙanana.

Mu gwada tarukan nan biyu. A Kadesh akwai tsoro, akwai kuma yara. A Urushalima akwai tsoro, akwai kuma yara. Hatsarin Yehoshafat ma ya fi kusa. Yaran Kadesh suka ga iyayensu sun kai tsoronsu ga gunaguni da neman jifan shugabanni. Yaran Urushalima suka ga iyayensu sun kai tsoronsu gaban Allah. Yaro yana duban fuskar ubansa. Abin tambaya shi ne, uban wa yake duba? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Inda muke gudu a ranar wahala, can 'ya'yanmu za su koyi gudu.

Haka Amram da Yokabed suka ɓoye Musa wata uku. Ibraniyawa 11:23 ta ce bangaskiya ce ta hana su razana da dokar sarki. Ba su yi wauta ba: uwar ta shafe kwando da kwalta, 'yar'uwarsa kuma ta tsaya daga nesa tana tsaro. Bangaskiya da hankali tare suka yi aiki.

5. Abin da za mu yi

Na ɗaya, mu raba hatsarin gaske da na banza. Rijiya, da wuta, da titin mota, da maciji abubuwa ne da dole yaro ya kiyaye. A ƙasar Kaltungo da sauran wuraren da kububuwa ta yi yawa, wannan magana ce ta rai da mutuwa. Amma a koya masa abin da zai yi: kada ya sa hannu a rami, kada ya taka ciyawa da dare ba fitila, in ya ga maciji ya ja da baya ya kira babba. Yaron da ya san abin yi ya fi wanda aka cika da razana tsira.

Na biyu, idan abu ya faru, mu yi numfashi kafin mu yi magana. Ɗan lokacin nan da yaro ya ɗago ido, shi ne lokacin koyarwa. Idan ciwon na gaske ne, a ɗauke shi a yi magani da murya a kwance.

Na uku, mu daina tsoratarwa da abin da babu, ko da mutanen da aikinsu taimako ne. Ranar allura a gaya masa gaskiya: "Za ta yi zafi kaɗan, ina riƙe da kai, yanzu za a gama." Kakanni da 'yan reno da yayye su ma a roƙe su da ladabi su bi wannan, gama reno a wurinmu ba na mutum ɗaya ba ne.

Na huɗu, kada a yi wa mai tsoro dariya ko duka, kada kuma a jefa shi cikin abin da yake tsoro da ƙarfi. Bulus ya gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai (Kolosiyawa 3:21). Amma kada a yi ta kawar masa da abin har abada, gama tsoron da ake gudu ƙaruwa yake yi. A shekarar 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo. Ta sa yana ganin waɗansu yara suna wasa da zomon, tana kuma matso da kejin kaɗan kaɗan sa'an da yake cin abin da yake so, har ya kai ga taɓa shi da kansa. Haka za a yi da mai tsoron kare, ko duhu, ko ajin makarantar Lahadi: sannu sannu, hannunsa cikin namu.

Na biyar, idan mu kanmu mun firgita a gabansu, mu koma mu gyara. A ce, "Ɗazu na ji tsoro, amma ya wuce. Zo mu gode wa Allah." Dawuda ma ya yarda yana jin tsoro, ya kuma faɗi wurin da yake kai shi (Zabura 56:3).

Na shida, wanda abin da ya gani a rikici ko hatsari ya hana shi barci wata da watanni, kada ya ɗauka rashin bangaskiya ne. Rauni ne, yana kuwa da magani. Ya gaya wa fasto ko dattijo, ya kuma ga ma'aikacin lafiya. Haka kuma yaron da tsoro ya hana shi ci, ko barci, ko zuwa makaranta na tsawon makonni. Ikkilisiya ta kewaye irin waɗannan gidaje, domin yaro ya sami waɗansu fuskoki natsattsu da zai duba kafin uwarsa ta farfaɗo.

Timothawus, ga alama, mutum ne mai sanyin zuciya, gama Bulus ya roƙi Korantiyawa su karɓe shi yadda ba zai ji tsoro ba (1 Korantiyawa 16:10). Amma sa'an da Bulus ya so ya ƙarfafa shi, sai ya tuna masa da kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, da bangaskiyar da ta fara zama a cikinsu. Ta ƙofar da tsoro ke shiga yaro, ta nan bangaskiya ma take shiga.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane tsoro ne kake da shi yau wanda ka san daga gida ka ɗauko shi? Wa ka gani yana yinsa?
2. A Lissafi 14:3 iyaye sun fake da 'ya'yansu. Ta waɗanne hanyoyi mu ma mu kan yi haka?
3. Mene ne bambancin taron Kadesh da taron Yehoshafat?
4. Da me za mu maye gurbin dodo idan yaro ya ƙi jin magana?
5. Yaya za mu koya wa ɗan shekara biyar tsoron Ubangiji ba tare da mun sa ya guji Allah ba?
6. Akwai gida a cikin ikkilisiyarmu da ke bukatar taimakonmu a kan wannan? Me za mu yi a makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, ka san ƙirarmu, ka san abubuwan da ke kaɗa mana ciki. Ka gafarta mana inda muka ɗora wa ƙanananmu kayan da ba nasu ba. Ka warkar da waɗanda abin da suka gani yake binsu har cikin barci. Ka koya mana mu dube ka a ranar tsoro, domin 'ya'yanmu, in sun dube mu, su sami hanya zuwa wurinka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.